Columbo ko Derrick, wanne ya fi dacewa da hirar fada?

Ƙanena, ka ce a fadarku ta unguwar Bukoki kun shirya kallon tsofaffin finafinan ƴan sanda duk daren Asabar, in an gama ku zauna ku tattauna, amma gardama ta kaure tsakanin masu son Columbo da masu son Derrick. Ka kuma tambaya wane daɗi ne a fim ɗin da tun farko aka nuna maka wanda ya yi kisan. Na kalli duka biyun da faransanci tun ina yaro a Tahoua, a tsakar gidan kawuna, na kuma sake bin su da girmana a nan Yamai, don haka bari in faɗa maka yadda nake ganinsu.

Columbo ɗan Amurka ne, laftanan ƴan sanda a Los Anjalas. Peter Falk ya fara fitowa a matsayinsa a 1968, jerin ya kankama daga 1971 zuwa 1978, aka dawo da shi a 1989, na ƙarshe ya fito a 2003. Duka-duka guda 69 ne, kuma kowanne ya haura awa ɗaya, wasu har awa ɗaya da rabi. Derrick kuwa sufeto ne a birnin Munik na Jamus. Tashar ZDF ta nuna shi daga 1974 zuwa 1998, kashi 281, kowanne awa ɗaya, kuma mutum guda ne ya rubuta su kaf, Herbert Reinecker.

To, ga tambayarka. A Columbo kana tare da mai kisan tun minti na farko. Ka ga yadda ya ƙulla abin, ka ga yadda ya shirya shaidar cewa ba ya wurin, ka ga yadda ya share sawunsa. Sai bayan duk wannan ɗan sandan zai iso. Ka ga ke nan kai ka riga shi sani, kai ne shaidar gani da ido, kuma aikin da ya rage maka shi ne ka gano inda mutumin ya yi tuntuɓe alhali kana kallonsa. Wallahi wannan ya fi wuya a kan cankar suna. Akwai wani kashi na 1974 inda mai gidajen motsa jiki ya kashe abokin harkarsa, ya sa masa kayan wasanni, ya ɗora masa ƙarfen ɗagawa a wuya don a ce hatsari ne. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona shi igiyar takalmi ce. In kai ka ɗaura wa kanka, ƙullin yakan kwanta ta wani gefe, in kuwa wani ne ya tsuguna gabanka ya ɗaura maka, sai ya juya. Daren da na gani, sai da na ɗaura nawa, na zaunar da wani ƙanena na ɗaura masa nasa, na gwada su. Haka abin yake. Abin da nake so da Columbo ke nan: hujjarsa abin taɓawa ce, in an yi musu sai a mayar da fim ɗin baya kowa ya gani.

Sannan ga shi kansa mutumin. Tsohuwar rigar ruwa duk ta yamutse, guntun sigari a hannu, tsohuwar Peugeot 403, ba ya son riƙe bindiga, kullum yana zancen matarsa wadda ba a taɓa nuna ta ba. Waɗanda yake bi kuwa manya ne: likitan tiyata, marubuci, ɗan siyasa, attajiri. Suna ganinsa sai su raina shi, ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido. Ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo da wata ƴar tambaya kamar ya manta. Mai laifin, don ya nuna shi mai kai ne, sai ya shiga taya shi warware matsalar, yau ya ba da wannan bayani, gobe ya ƙara wani, har ya ɗaure kansa da bakinsa. Nan fada za ta samu abin cewa. A wane minti Columbo ya fara zarginsa? Mantuwar nan tasa ta gaskiya ce ko tarko? Labaran dangin matarsa da yake bayarwa, akwai su ko ƙirƙira yake don ya sa mutum ya saki jiki? Yaushe fara'ar mai gidan ta koma ɓacin rai? Kuna iya cinye shayi na ɗaya har na uku a kan waɗannan.

Inda Columbo ya gaza shi ne dalilin kisan. Sau da yawa tun farko an miƙa maka shi: kuɗi, gado, ko tsoron tonon asiri. Ba wani abin tonawa sosai.

A nan ne Derrick ya yi masa nisa. Da farko shi ma ana nuna mai kisan, daga baya aka bar wannan salo aka koma ɓoye shi. Dogon mutum ne mai kwat da lakataye da manyan tabarau, ga mataimakinsa Harry Klein a gefe, suna yawo cikin BMW. Zai shiga falon masu hali ya zauna, ya yi tambaya ɗaya, ya yi shiru, ya zuba wa mutum ido. Galibi mai laifin ba baƙo ba ne, yana cikin gida ko kusa da gida: uban da mutuncinsa ya zube, matar da ta daɗe tana haɗiye baƙin ciki, ɗan da aka raina. Gidajensu ba irin namu ba ne, amma kunya da gori da rufin asirin dangi mun san su sarai. Matar kawuna ba ta jin faransanci ko kalma ɗaya, amma sau da yawa ita ke fara nuna mai laifin, ta ce ku dubi yadda wancan ya kasa kallon uwarsa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Bayan Derrick, gardamar da ke tashi ita ce wa ya tura mutumin nan har ya kai ga haka, kuma wanda aka kama shi kaɗai ne mai alhakin? Irin wannan hira tana taɓa zuciya fiye da zancen igiyar takalmi.

Sai dai ka shirya wa ƙorafin samari, don tafiyarsa a hankali take ƙwarai. Kuma da yawa daga cikin labaran da amsa laifi suke ƙarewa: mutum ya gaji da nauyin da ke ransa ya furta. In ka canka daidai, ba koyaushe za ka iya nuna hujjar da ta kai ka ba.

Akwai abin da bai kamata in ɓoye maka ba. Horst Tappert, wanda ya fito a matsayin Derrick, ya rasu a 2008. A 2013 aka gano cewa a lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a rundunar Waffen-SS ta ƴan Nazi, abin da ya ɓoye tsawon rayuwarsa, kuma ZDF ta daina maimaita shirin. Ranar da na ji, raina ya sosu, don fuskar nan ita ce fuskar gaskiya a yarintata. Ka gaya wa ƴan fadarku kafin ku fara, kowa ya san abin da yake kallo.

Dukansu biyu a bakin kamu suke tsayawa, ba sa kai ka kotu. A nan wajenmu kuwa, in an bar komisariya ko jandarmeri da zancen kisa, sai alƙalin bincike ya sake tona komai. Don haka ku riƙa tambayar kanku ko hujjar da aka rufe fim da ita za ta tsaya a gaban alƙali.

Ni dai da a fadarku nake, Asabar uku Columbo zan sa, ta huɗu Derrick, ranar kuma in gayyato dattijo ɗaya ko biyu, don su suka fi sanin abin da ke cin mutum a cikin gida. In Columbo ne, ku tsayar da fim ɗin da zarar an gama kisan, kafin ɗan sandan ya iso, kowa ya faɗi kuskuren da ya hango a rubuta. In Derrick ne, ku tsayar saura minti goma, kowa ya faɗi suna tare da dalili, wanda ya kawo suna babu dalili ba a ƙirga nasa. Ku fara da na gidan motsa jikin nan. Tunda na riga na gaya maka zancen igiyar, ranar kai za ka riƙe takarda da biro, kada ka ce musu komai.