Kudu ko Arewa? Amsa ga ɗan'uwan da zai fita da iyali da mota daga Makka

Assalamu alaikum. Alhaji na ga tambayarka tun jiya, aiki ne bai barni na zauna ba sai yanzu. Ka ce kana da ijaza, wato hutun aiki, ta kwana biyar a wannan hutun yaran na lokacin zafi, motarka ƙarama ce ba jif ba, za ka ɗauki maiɗakinka da yara uku da kuma Hajiya mahaifiyarka wadda gwiwa ke damunta, kana tambaya tsakanin hanyar kudu wato Ɗa'if zuwa Baha zuwa Abha, da hanyar arewa wato Madina zuwa Ula har Tabuka, wacce ta fi. Ni daga Jidda nake kuma duka biyun na bi su da mota da kaina, kudu sau uku arewa sau biyu, to bari na faɗa maka abin da idona ya gani.

A taƙaice dai, a wannan lokacin da wannan motar da waɗannan mutanen, kudu za ka yi. Ba wai Ula ba ta da kyau ba, wallahi tana da kyau sosai, amma lokacinta daban.

Maganar zafi ita ce farko. Kai mazaunin Makka ne ba sai na ba ka labarin rana ba, to Ula a watan Yuli da Agusta zafinta yana haura 40 kamar nan, kuma kusan duk abin da ake zuwa gani a can a fili yake, duwatsu ne da yashi babu inuwa, sai ka tarar daga hantsi har bayan la'asar kuna kulle a ɗaki kuna shan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin wanda ka baro a gida, ka biya kuɗin mai ka biya kuɗin masauki don kawai ku fita awa biyu da yamma. Ita kuwa Abha tana kan tudu kusan mita 2,200, da rana abin bai cika wuce talatin da ɗan wani abu ba, da dare kuma sai an nemi rigar sanyi, kuma a wannan lokacin ne ake yawan samun ruwan sama da yamma a can. Ranar da na fara kai yarana Sauda, dutsen nan da ya kai kusan mita 3,000, gajimare ya taso daga ƙasan kwari ya rufe mu muna zaune a kan tabarma, ƙaramin ɗana da aka haifa a nan bai taɓa ganin damina irin ta gida ba ya riƙa miƙa hannu yana son ya kama shi. Ni kaina abin ya tuna min da safiyar Jos. In da a Disamba ko Janairu ka yi tambayar nan da amsata ta juye, don a lokacin Ula ce ke daɗi, rana mai laushi, lemun gonakinsu ya nuna, duk da dai dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, ita kuma kudu hazo ne ke rufe hanya har ka kasa ganin motar da ke gabanka.

Sai ita kanta hanyar, kuma nan ne nake so ka nutsu don nan bambancin yake da girma. Hanyar arewa miƙaƙƙiya ce. Makka zuwa Madina wajen kilomita 450, Madina zuwa Ula ta Haibara wajen 330, babu hawa babu gangara na a zo a gani, motarka ba za ta wahala ba, kai direba ne za ka wahala da gyangyaɗi don sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga komai ba sai baƙaƙen duwatsun harra da sarari. Haɗarinta barci ne da raƙuma, bayan Madina akwai wuraren da raƙumi ke hawowa kan kwalta da dare kuma ba ka ganinsa sai ka zo daf da shi, shi ya sa ni ba na bin ta in magariba ta yi. Mahaɗɗar mai, wato gidajen mai, ma tazara gare su, in tankinka ya kai rabi ka ga mahaɗɗa to ka cika kawai.

Hanyar kudu kuwa nisan bai fi na arewa ba amma lissafin kilomita zai yaudare ka. Makka zuwa Ɗa'if ta Hada wajen 90 ne, Ɗa'if zuwa Baha wajen 220, Baha zuwa Abha ta Baljurashi da Namas da Tanuma ɗari uku da ɗoriya, sai dai kwana-kwana ce da hawa da sauka da shiga garuruwa, ga kyamarar Sahir mai kama masu gudun wuce ƙa'ida ko'ina, abin da taswirar waya ta ce maka awa huɗu ka ɗauka shida ne in da yara, don dole za a tsaya fitsari, za a tsaya hoto, za a tsaya sayen rumman da barshumi, ɗan itacen nan mai ƙaya, a bakin hanya. Amma tafiyar ita ce yawon, ba kamar arewa da sai ka isa sannan kallo zai fara ba. Kana tuƙi kana ganin gonakin da aka yanka a jikin dutse kamar matakala, tsofaffin hasumiyoyin dutse, itatuwan ar'ar, kwari a gefenka wanda ba ka hango ƙarshensa.

Ƙaramar mota tana zuwa duk inda na lissafa, kwalta ce mai kyau, abin tsoron ɗaya ne, aƙaba. Aƙaba ita ce hanyar da ke gangarowa daga saman duwatsun Sarawat zuwa Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke wajen gaɓar teku, kuma wurare biyu da suka fi kyau a tafiyar nan duk a ƙasa suke, ƙauyen Zi Ain kusa da Mikwa a ƙarƙashin Baha, da Rijal Alma a ƙarƙashin Sauda. Zuwana na farko na gangara Zi Ain mota cike da mutane da kaya, na ɗora ƙafa a birki tun daga sama ban ɗaga ba, muna ta ratsa nafaƙ, wato hanyar da aka huda cikin dutse, ɗaya bayan ɗaya, kafin mu kai ƙasa sai warin ƙauri ya cika motar birkin ya yi laushi ina takawa yana nitsewa, Allah ne Ya taimaka akwai fili a gefe na samu na tsaya, muka zauna kusan minti arba'in sai da ya huce. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake don iyalina duka suna ciki. Don Allah Alhaji in za ka gangara ka sa motar a ƙaramar giya, in otomatik ce ka mai da ita L ko 2, inji ya riƙe ta, birki kuma ka riƙa taɓawa kana saki. In ka ji ƙauri ka tsaya, kar ka watsa wa birkin ruwa, ka bar shi ya huce da kansa. Wajen hawowa kuma in ka ga allurar zafi tana tashi ka kashe mukayyif. Kafin ka bar Makka ka kai ta wajen makanike ya duba fatun birki da man birki da ruwan lagireto, ka biya ta banshar, wato wurin masu faci, a duba tayoyi har da safaya, wannan kuɗin ba asara ba ne. Gangarar Sauda zuwa Rijal Alma, wadda ake ce wa aƙabar Samma, ta fi ta Baha tsauri nesa ba kusa ba, ni da Hajiya a mota ba zan bi ta ba in ana ruwa ko hazo.

A arewa abin da ƙaramar mota ba za ta yi maka ba shi ne Wadi Disa, kwarin nan na yankin Tabuka mai jajayen duwatsu da ruwa yana gudu a tsakanin dabino, wanda shi ne hotonsa ke yawo yana jan mutane. Ciki yashi ne da ruwa, sai jif mai dabal, wato mai ja da ƙafa huɗu, in ka je da ƙarama a bakin kwarin za ka ajiye ta ka yi hayar masu jif na wurin. Kuma gaskiya da kwana biyar ka cire Tabuka daga lissafi gaba ɗaya, ta yi nisa, a mota za ku ƙare hutun.

Abin gani kuma kowacce da irin nata. Ula tarihi ne, Hijir da muke ce wa Mada'in Salihu, kaburburan Nabaɗawa, wasu mutanen zamanin da, sama da ɗari da aka sassaƙa a jikin dutse, shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2008, ga tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz da ya isa Madina a 1908, ga Dutsen Giwa, ga tsohon gari na ginin ƙasa. Amma ba a shiga Hijir da motar mutum, sai ka yanki tikiti ta intanet tun kafin ka zo a ɗauke ku a bas da ɗan jagora, kowa da kuɗinsa. Sannan na san Hajiya za ta tayar da maganar da kowane dattijo ke tayarwa, cewa wurin Samudawa ne mutanen Annabi Salihu, kuma Manzon Allah (SAW) da ya bi ta nan a hanyarsa ta Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira ya hana a shiga sai ana masu kuka da ɗaukar izina. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, ka tambayi malaminka kafin ka yanki tikiti, kar ku je can ku tsaya gardama a ƙofa. Ni na shiga kuma jikina ya yi sanyi, ba wurin ɗaga murya ba ne a ganina. Babban abin da arewa ta fi kudu da shi kuwa shi ne Madina tana kan hanya, za a yi ziyara a yi salla a Masallacin Annabi a tafiya da dawowa, kuma na san in aka ba Hajiya zaɓi wannan kaɗai zai iya rinjayarta.

Kudu kuwa mafi yawan daɗinta kyauta ne. Ka samu gindin bishiya a dajin Ragadan na Baha ko a Tanuma ka shimfiɗa tabarma, a fito da fulas ɗin shayi da abincin da aka dafo, Hajiya ta miƙe ƙafa yara su yi ta gudu, shi ke nan an yi kashta, wato fita shan iska. Ga mai ciwon gwiwa wannan ya fi, don ba sai ta yi tafiya ba, daga mota sai tabarma. Zi Ain da Rijal Alma ne ke da matakala, gidajen dutse ne masu hawa-hawa, ita sai ta zauna a ƙasa tana kallo, a Rijal Alma kuma ku shiga gidan tarihin ku ga zanen bango mai launi da matan Asir ke yi wanda ake kira Ƙaɗɗ, maiɗakinka za ta so shi don yana kama ido kamar adon ɗakunan matanmu na da. Sai dai ka sani can ƙasa zafi ne irin na Tihama, ku je da sassafe. Birai kuma ka ja kunnen yara, tun daga Hada za ku fara ganinsu garke-garke a bakin hanya, kar a ba su abinci kar a bar gilashi a buɗe, suna fizge leda daga hannun yaro kuma manyan suna da haƙora. Kada ku zauna a cikin kwari ko da sama garau take a inda kuke, ruwan da aka yi a saman dutse yana saukowa ba sallama. Wuta ma kar ka hura a ƙasa ko ka karyi icen daji, akwai tara mai nauyi, ka tafi da ƙaramin gas ɗinka.

Kuɗi, mai kusan ɗaya ne a duka biyun. Masauki ne bambancin, Ula wurin kwana tsada gare shi kuma ba shi da yawa, kudu kuwa shuƙƙa mafrusha, wato gidan haya da kayan ɗakinsa, mai ɗaki biyu da kicin tana ko'ina ku dafa abincinku, amma lokacin hutu kowa na Riyad da Jidda can yake tuɗaɗa, farashi yana tashi musamman daren Alhamis da Juma'a, ka kama tun yanzu kuma in da hali ka fita ranar Lahadi.

In ni ne kai haka zan raba kwanakin. Bayan asuba a hau Hada, in an rufe ta saboda ruwa ko gyara sai a bi ta Sail, a karya a Ɗa'if a wuce Baha a kwana biyu, safiyar rana ta biyu Zi Ain yamma Ragadan. Rana ta uku a nufi Abha a hankali a ci abincin rana a Namas ko Tanuma. Ta huɗu Sauda, amma ka bincika wane ɓangare ne a buɗe don ana ta gine-gine a wajen, da yamma a shiga kasuwar Talata a sayi zuma a ci hanis, gasasshen namansu. Ta biyar kar ka koma ta duwatsu jikinka ya riga ya gaji, ka gangara ta aƙabar Sha'ar zuwa Muhayil ka kama hanyar gaɓar teku ta Ƙunfuza da Lis, shimfiɗaɗɗiya ce, kuma za ku bi ta kusa da miƙatin Yalamlam in Hajiya na son ta shigo da umra.

Iƙamar kowa, wato katin izinin zama, a hannu har ta yara don akwai wuraren bincike, istimara wato takardar rajistar mota, da inshora, da fahas wato takardar duba lafiyar mota, kar ya zama sun ƙare, in motar ba da sunanka take ba a yi maka tafwil, wato izinin tuƙa ta, ta manhajar gwamnati ta Absher kafin ka tashi. Ka ajiye 997 na motar asibiti da 996 na jami'an tsaron hanya a wayarka, ka sauke taswira a waya don akwai lungunan da sabis ke ɗaukewa. Ka tafi da maganin amai na yara da leda a kusa, kwanar Hada kaɗai tana juya musu ciki, sannan Hajiya ta zauna a gaba. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, a gaishe min da ita.