Stellarium a ajin nesa: abin da take iyawa da inda take yaudarar ɗalibi

Mai koyar da ilmin taurari ta intanet yana da matsalar da malamin lissafi bai san da ita ba: ɗalibansa ba sama ɗaya suke kallo ba. Wani dare ya yi masa, wani rana tana tsaka, wani hadari ya rufe garinsu mako guda, wani kuma yana kudancin duniya inda tauraron arewa ba ya fitowa sam. Stellarium manhaja ce da ke zana sararin samaniya a fuskar kwamfuta kamar yadda mutum zai gan shi daga duk inda ya zaɓa, a duk lokacin da ya zaɓa. A ganina ita ce ta fi cancanta a ɗora darasin nesa a kanta. Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ne ya fara ta a 2001, masu aikin sa kai ke ci gaba da raya ta, kyauta ake sauke ta, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Idan aka saka ta, tana aiki ko babu intanet, kuma tana zuwa da taurari sama da 600,000.

Abu uku ne ke ɗauke da wannan suna: ta kwamfuta, da ta shafin intanet, da ta waya. Maɓallan da zan ambata duk na ta kwamfuta ne. Ta shafin intanet ta isa a nemo tauraro da sauri, ta waya kuma tana da amfani a tsakar dare idan mutum ya ɗaga ta sama, amma yawancin kayan koyarwa babu su a cikinsu. Malami ya faɗa wa ɗalibai wadda yake nufi tun ranar farko, in ba haka ba rabin aji za su yi ta neman maɓallin da ba su da shi.

Aikin farko shi ne saita wuri da maɓallin F6. Manhajar takan ƙiyasta garin mutum daga layin intanet ɗinsa, kuma ƙiyasin yakan kauce, musamman ga mai amfani da intanet na waya ko VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda mutum yake. Idan wurin ya kauce, lokacin fitowar wata da faɗuwar rana duk za su kauce tare da shi, ɗalibi ya fita waje ya ga abin bai yi daidai ba, ya ɗauka shi ne bai gane ba. Gwajin da ya fi sauƙi: kowa ya duba ƙarfe nawa manhajar ta ce rana za ta faɗi yau, ya kwatanta da abin da idonsa ya gani. In bambancin ya wuce 'yan mintuna, ko gari ne ba daidai ba, ko agogon yankin.

Inda Stellarium ta yi zarra shi ne wasa da lokaci. L yana hanzarta shi, J yana rage gudunsa har ya koma baya, K yana mayar da shi gudun da aka saba, 8 kuma yana dawo da mutum yanzu. Amma maɓallin da ya fi koyarwa shi ne alamar daidai, wato =, mai ƙara kwana ɗaya cur. A tsayar da agogo a ƙarfe 9 na dare, a zaɓi Kaza da 'ya'yanta, a danna = sau 30. Za a ga sun matsa yamma da kusan digiri 30, domin taurari suna riga agogonmu da kusan minti 4 kullum, awa 2 ke nan a wata. Sai a sake gwadawa da Alt da = tare, wanda ke ƙara kwanan taurari, wato awa 23 da minti 56. Yanzu taurari sun tsaya cik. Wata ne ke tsallake kusan digiri 13 zuwa gabas a kowace dannawa. Idan aka kashe iskar duniya da A, aka cire ƙasa da G, aka kunna layin hanyar rana da maɓallin waƙafi, za a ga rana ita ma tana rarrafe a kan layin, kusan digiri ɗaya a kwana. A riƙe maɓallin a shekarar da duniyar Mars ta matso kusa, abin da ke faruwa kusan duk wata 26, a ga tana tafiya gabas, ta tsaya, ta ja da baya, ta sake miƙewa. Wannan ja da baya malamai kan ɓata shafi uku suna bayaninsa a rubuce, ɗalibi bai kama ba. A nan minti ɗaya ya isa.

Sauya wuri ma haka. A zaɓi tauraron arewa, a karanta tsayinsa daga bayanin da ke fitowa a saman allo ta hagu, sannan a riƙa sauya gari daga arewa zuwa kudu. Tsayinsa yana bin latitud ɗin garin, wato nisansa daga ikwaita a digiri, sau da ƙafa, har ya nutse idan aka ƙetare ikwaita. A je Tromso ta ƙasar Norwe a ranar 21 ga Yuni a hanzarta lokaci, a ga rana tana zagaye ba ta faɗi ba. A je Luksor ta Masar ranar 2 ga Agustan 2027 a kalli husufin rana da zai wuce minti 6, sannan a koma wani gari mai nisa a ga ɓari kawai ya rufe. Idan ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa ba a yin husufi kowane wata, a kunna layin hanyar rana a bi wata daga tsayuwa zuwa tsayuwa: hanyarsa ta karkace da kusan digiri 5, galibi yakan wuce ta sama ko ta ƙasan rana. Akwai kuma Ctrl da G, wanda ke ɗauke mutum zuwa kan abin da ya zaɓa. Daga kan wata, duniyarmu ce ke zama jinjiri ta cika ta ragu.

To, ga inda take yaudara. Samaniyar Stellarium ta fi ta gaskiya kyau nesa ba kusa ba. Ido tsirara a wuri mai duhu sosai yana kaiwa mataki na 6 a ma'aunin hasken taurari, inda lamba ke ƙaruwa gwargwadon dusashewar tauraro, amma a cikin gari mai fitilu da ƙyar yake wuce na 3 ko na 4. Ɗalibin da ya saba da allo cike da taurari zai fita ya ga 'yan tsiraru, ya karaya. A shiga F4 a ƙara hasken fitilun gari har allon ya yi kama da abin da yake gani daga ƙofar gidansa. Haka nan hotunan da take nunawa idan aka matso da abu, kamar tarin taurarin Andromeda, an ɗauke su ne da kyamarar da ta daɗe tana tara haske. A ido, ko da tabaran hangen nesa, ɗan farin tabo ne kamar hayaƙi. Malamin da bai faɗi wannan ba, ɗalibinsa zai sayi na'urar hangen nesa ya yi zaton jabu aka sayar masa. Girma ma allo yana rikita shi. A koya wa ɗalibi awo da hannu: dunƙulallen hannu a miƙe kusan digiri 10 ne, ƙaramin yatsa kusan digiri ɗaya, cikakken wata kuwa rabin digiri kacal.

Matsala ta biyu ta darasin kai-tsaye ce. Idan malami ya nuna allonsa ta Zoom ko Google Meet, manhajojin bidiyo suna matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma ƙananan ɗigo a kan baƙi su ne farkon abin da suke zubarwa. Malami yana ganin taurari, ɗalibi yana ganin duhu mai tsalle. Ana rage wannan da ƙara girman taurari da na rubutu a F4, da kunna layukan rukunin taurari da C da sunayensu da V, da kuma guje wa hanzarta lokaci da yawa. Abin da ya fi duka shi ne kowa ya buɗe tasa, malami ya aiko da matakai a rubuce: gari kaza, rana kaza, ƙarfe kaza, danna kaza, sannan ka ɗauki hoton allo da Ctrl da S ka turo. Wannan ba ya cin data sosai, kuma hannun ɗalibi ne ya yi aikin. Tsohuwar kwamfuta takan ƙi buɗe ta ko ta nuna baƙin allo saboda direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa nuna hoto a allo. A sabunta shi, in ya ƙi a sauke nau'in Stellarium mai alamar Qt5, wanda ya fi dacewa da tsofaffin kwamfutoci, maimakon mai alamar Qt6.

Mai son komawa dubban shekaru baya, misali don ganin lokacin da wani tauraro mai suna Thuban ne tauraron arewa wajen 2800 kafin miladiyya, ya lura da cewa manhajar tana ƙirga shekara ta sifiri, don haka lambarta tana bambanta da ta littattafan tarihi da shekara ɗaya. Sabon tauraro mai wutsiya kuma ba ya bayyana da kansa, sai an sauko da bayanansa.

Stellarium ba kwas ba ce. Babu darasi a jere, babu jarrabawa, babu inda malami zai ga abin da ɗalibi ya yi. Wanda ya buɗe ta ba tare da tambaya a ransa ba, zai yi yawo minti goma ya rufe. Aikin da ya fi dacewa da ita shi ne wanda ke tura ɗalibi waje: ya zana siffar wata da wurinsa bayan faɗuwar rana na tsawon kwana 14 daga ganin jinjiri, a lokaci ɗaya kullum, sai bayan ya gama zanen kowane dare ya buɗe manhajar ya kwatanta. Idan zai fita da kwamfutar, ya kunna jan haske da Ctrl da N, domin ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin allo kuma yana rushe wannan nan take.