Tafiya biɗa ko zama a garka?

Da an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, saurayin ƙauyen Maraɗi hanya biyu ke gabansa.

Ta farko ita ce biɗa: ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya, ya faɗa Katsina ko Kano, ya yi ga-ruwa, dako ko yankan farce. Ba ta neman jari sai ƙarfi, kuma gida ya ragu da bakin mutum ɗaya mai cin abinci. Amma tun da naira ta faɗi a 2023, abin da ya tara in an canza shi zuwa sefa ba ya auki. Ga 'yan bindiga a hanya.

Garka kuwa, irin ta Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi, akwai wahala. Da asuba kana cikin laka kana ban ruwa, hannu ya tsage da hunturu. Sai dai zogale ana yanka shi ya sake tohowa, matan da ke sari su zo da buhunansu har bakin fage, a samu na cefane, iyali na kusa. Tumatir ne mai ban haushi, in ya yi yawa a kasuwa sai yadda dillali ya ce.

Ni dai garka na zaɓa wa mai fili. Matsalar ita ce fadamar ba ta isa kowa, injin ban ruwa da mansa kuma kuɗi ne.