Disneyland Paris ga iyali daga Kano

Wannan wurin wasanni da shaƙatawa da ke kusa da birnin Paris ya cancanci kuɗinsa, amma fa sai an shirya. Bizar Faransa ba a Kano ake nemanta ba, sai Abuja ko Legas, a fara da wuri, da takardar haihuwar kowane yaro. Daga tsakiyar Paris, jirgin ƙasa na RER A yana kai ku bakin ƙofa cikin kusan minti 40.

A auna tsayin yara tun a gida. Jiragen wasa masu gudu suna da ƙa'idar tsayi: Big Thunder Mountain sai mai mita 1.02, Hyperspace Mountain kuma 1.20; nan ne ƙarami ke fashewa da kuka bayan an sha layi. 'Yan ƙasa da shekara 3 kyauta suke shiga. Abincin ciki tsada, na halal kuma ba yawa, a riƙo guzuri.