Alamo ko Mission San José? Ka tafi San José

Malam, ka tambayi wanne za ku ziyarta tsakanin wuraren tarihin nan biyu. Tunda yini ɗaya ne kacal gare ku a San Antonio ta jihar Texas a Amurka, kuma da yara za ku taho daga Houston, ka nufi Mission San José kai tsaye (Mission tsohuwar unguwar mishan ce ta Sifaniyawa). Alamo sai in lokaci ya ragu.

Na je duka biyun. Alamo dai suna ne ya kai mu. Tarihi kam yana da shi: an kafa shi a 1718, kuma a nan ne sojojin Meziko ƙarƙashin Santa Anna suka yi wa mayaƙan Texas ƙawanya ta kwana 13 a 1836, suka gama da su. Amma gari ya cinye wurin, otal-otal da shagunan tsaraba sun kewaye shi. Muka yi layi cikin rana, muka shiga, kafin minti ashirin mun fito. Auta ta dube ni ta ce, "Abba, shi ke nan?"

San José kuwa da Baba muka je, shekarar da ya zo ganin jikoki. Wani limamin Katolika, Antonio Margil de Jesús, shi ya kafa wurin a 1720, aka fara gina cocin dutsen da ke tsaye yanzu a 1768. Kana shiga ƙofa za ka ga ba coci ba ne kawai, ƙaramin gari ne cikin ganuwa. Ga ɗakunan 'yan asalin ƙasar jere a jikin katanga, ga murhunsu a waje, ga ƙaton rumbun hatsi, ga injin niƙa da ruwa ke juyawa. Yara suka yi ta guje-guje a tsakar filin, babu mai tsawata musu.

Baba manomin rani ne a Kadawa, saboda haka ko kallon sassaƙar da ke jikin cocin bai yi ba, ruwa yake bi. Da ma'aikacin wurin ya lura, sai ya ce mu ƙarasa kudu wajen Mission Espada. Can muka tarar da wata gadar dutse da aka gina tun kafin 1750, wadda ke tsallakar da ruwan ban gona ta saman rafi, kuma har yau aiki take. Tsoho ya tsuguna a bakin magudanar ya daɗe, ya ce, "Waɗannan sun san ruwa." Da ya ji cewa sunan magudanar da Sifaniyanci, acequia, daga Larabci aka aro shi, wato saƙiya, sai da ya ba duk wanda ya kira a gida labari a daren nan.

Gaskiya guda dai: yawancin katanga da ɗakunan San José sake gina su aka yi bayan 1930. In ginin asali kake so, ka tsaya a Mission Concepción a kan hanya, cocinsa na 1755 yana nan yadda yake, har da ragowar zanen bango. Duka wuraren nan, har da Alamo, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayar da tikiti a intanet. Ni sun ci kuɗina. Na biya wai "tikitin tsallake layi" na mutum biyar, na isa na tarar shiga cocin Alamo kyauta ne, lokaci kawai ake kamawa a shafin wurin na ainihi. Ɗakin baje kayan tarihinsu ne ake biya. San José, Concepción da Espada kuwa hukumar gwamnatin tarayya ce ke kula da su, shiga kyauta, ajiye mota kyauta. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin ƙofa, damfara ce.

Ka guji ranar Lahadi, don har yanzu ana ibada a cocin San José kuma akan cika. Ku taso bayan asuba, tafiyar wajen awa uku ce, ku isa da hantsi kafin rana ta yi zafi. Ka riƙo ruwan sha da yawa da darduma, inuwar itatuwa tana nan in Azahar ta same ku a can.