Adashen mutum 10 ko na mutum 1000?

Ka dauki adashen mutum 10 a Kasuwar Barci da wata kungiya mai mutum 1000 a Kawo. A babbar, sa'a ba ta wani tasiri, in cin amana ya fi kawo riba to shi kowa zai kwaikwaya, shikenan. Karamar kuwa lissafi ya nuna in ana kwaikwayon juna, ko da sabon halin da mutum daya ya zo da shi ribarsa daidai take da ta sauran, damarsa ta mamaye kowa 1 cikin 10 ce, a babbar kuma 1 cikin 1000, wato a karamar mutum daya mai rikon amana zai iya juya su duka da sa'a kawai, amma fa haka macuci daya ma, ko masu kirki biyu su tashi su koma Zariya adashe ya watse. Ni dai karamar zan shiga, ko banza na san fuskar kowa.