Kafin Ka Sayi Tikitin Jirgi Tsakanin Ƙananan Filaye Biyu

Idan shafin sayar da tikiti ya nuna maka nisan kilomita 400 tsakanin filayen jiragen sama biyu, nisan miƙaƙƙen layi ne ta sama. Mota ba ta bin wannan layin. Tana kewaye duwatsu, tana neman gada, sai tafiyar ta ƙaru. Wani shafin kuma da mil na teku yake lissafi, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Ka fara tabbatar da wane ma'auni kake dubawa.

Lokacin da ke jikin tikiti ma ba na shawagi kaɗai ba ne. Ana ƙirga shi ne daga sa'ad da jirgi ya bar inda yake ajiye, ya gangara titin tashi, ya jira izini, har ya tsaya cik a ɗaya filin. Ka ɗora masa zuwa fili da wuri, layin awon kaya, binciken jami'an tsaro, tsayuwa gaban bel kana jiran akwatinka ya zagayo, sannan motar shiga gari. Tafiyar "minti 55" takan ci awa uku ko huɗu daga ƙofarka zuwa masaukinka. Da wannan jimlar ya kamata ka auna mota ko jirgin ƙasa. A 2023 Faransa ta hana jigilar fasinja ta sama daga filin Orly na Paris zuwa Bordeaux, Nantes da Lyon, domin jirgin ƙasa na kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Wajen zaɓen irin jirgi ne nake son mai saye ya tsaya ya yi tunani. Mutane da yawa na ganin jirgi mai farfela sai gabansu ya faɗi, su ƙara kuɗi don hawa jet. ATR 72, jirgi mai farfela da ke ɗaukar fasinja kusan 70, yana gudun kimanin kilomita 500 a awa. Boeing 737 kuwa, wanda jet ne, ya haura 800. A takarda tazarar tana da girma. Amma a tafiyar kilomita 400, jet bai gama hawa sama sosai ba sai ya fara shirin sauka, don haka abin da za ka tsira da shi bai wuce minti 15 zuwa 20 ba. Mai farfela yana shan mai kaɗan, yana sauka a gajeren titi. Aibinsa ƙara, da girgiza idan iska ta tashi, da ƙanƙantar ma'ajiyar kaya ta saman kai. Jakar hannunka ma wataƙila a karɓe ta a bakin matakala.

Idan babu jirgi kai-tsaye, sai an ya da zango a babban fili, to lallai ka haɗa tafiyar biyu a tikiti ɗaya. Jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema maka wani. Ka raba tikitin kuwa, asarar taka ce.

Ka duba kuma sau nawa jirgi ke tashi a hanyar. Ƙananan filaye wani lokacin jirgi ɗaya gare su a rana. Aka soke shi, sai gobe. Ni dai in na ga mota ko jirgin ƙasa za su kai ni cikin awa huɗu, ta ƙasa nake bi. Idan nisan ya zarce haka, na safe nake nema, kafin jinkirin rana ya taru a kan jadawali.